Mafarkin da Ban Yi Ba

Maraɗi, daren Alhamis, goma ga Sha'aban

Yau alƙalamina ya ƙi ba ni ko baiti guda, domin hannun maƙaryaci ne ke riƙe da shi.

Lakwal biyu, wato manyan makarantu, suka karɓi ɗana Isuhu don karatun likitan haƙori, ɗaya a Dakar, ɗaya a Faransa. Na san zuciyarsa tana ƙetaren teku, amma ya durƙusa ya ce, "Baba, yi mini istihara." Jiya na yi raka'a biyu na kwanta. Ban ga kome ba, barci ne baƙi wuluk kamar cikin rijiya. Da safe na ce na gan shi cikin farar riga a Dakar, don kawai daga can akan zo gida hutu.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba, Allah ya zaɓa."

Astagfirullah! Son zuciyar uba ne ya ari rigar mafarki. Amsar amincewa da ya rubuta wa Dakar tana aljihuna, ni ya ba in kai gidan waya, motar wasiƙu kuwa jibi za ta tashi. Sau biyu na isa ƙofar yau, na kasa shiga.