Ƙugiyar da Ta Cije a Ulaya

Hansai,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki, ya yara? Abokina Nu'uman ke rubuta mini.

Lafiyata lau, ina nan unguwar Ulaya a ƙasar waje, ina wanke gilasan benaye. Ƙugiyar ƙarfen da ke ɗaure mu a sama, murɗa ta ake yi ta kulle. Ni tsohon mahaƙin rijiya, na murɗe tawa iya ƙarfina ina rataye, ta cije. Na ɗan sha rana kafin su sauko da ni. Mudir, shugaban aikinmu, ya ce in na ƙara, sai gida. Wai tsufa! Bakinsu ɗaya da yayanki Basiru, ban manta ba.

Lahadi za a gwada ni. Kullum ina koyon murɗa ƙugiyar jikin ƙarfen gado, da yatsa biyu. Jiya ta buɗe salin-alin. Ki yi addu'a, kada ki share ɗakina tukuna.

Lurwanu