Zanen da Babanku Ya Wanke

Assalamu alaikum, Jamaluddeen.

Kafin gaisuwa ga gargaɗi: kada ka ƙara kawo wa Babanku labarin binciken makarantarku a waya. Bayan haka, ina fatan kuna lafiya kai da iyalinka, Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya ba ka sa'ar karatu. Mu nan Bunkure alhamdu lillahi, an gama dashen shinkafar rani.

Ka san da za a fara yi masa gashin ciwon dajin nan na ƙirji, ma'aikatan asibiti sun zana masa alamomi da tawada a fata. Da su ake daidaita kwanciyarsa, don gashin ya sauka a kan ciwon, ba a kan lafiyayyen nama ba. Sun ce kada a cuɗa wurin. Yana kiyayewa, har ranar da ka ba shi labarin na'urar da kuke gwadawa, wai tana aika ƙananan igiyoyi irin na rediyo su ratsa riga su auna jikin mutum, ba sai an yi zane ba. Kai ka ce gwaji ake yi. Shi abin da ya ji, zane ya zama tsohon yayi.

Da layin ban ruwa ya zo kan gonarmu, bai jira ƙaninka Hafizu ba. Ya shiga kanal ya buɗe ruwa da kansa, ya dawo da taɓo har wuya, ya ɗauki soso da sabulun salo ya dirje jikinsa tas, har alamomin suka goge. Da na yi magana, ya ce ai ɗansa ya gaya masa likitocin yanzu ta cikin riga suke gani. Da muka koma asibiti, likita ta ce ba su da wannan na'ura, kuma ba za ta yi gashi a kan kintace ba. An ɗage sai an sake awo, an mayar da shi layi. Tarin da yake fama da shi a da kuwa ya dawo.

Ban ce karatunka banza ba ne. Amma mai ilimi yana duba wanda yake gaya wa magana, kai ba ka duba ba.

Ka gaishe mini da matarka Zuliha da jikata Mubaraka. Hafizu da Gwaggonka Tani suna gaishe ku.

Ga dokar gidan nan daga yau. Soso na kulle shi a akwatina. Babanku ba ya zuwa bakin kanal sai an gama gashi. In ka kira, ni zan ɗauka, kuma abin da za ka gaya masa, ni za ka fara gaya wa.

Mahaifiyarka,
Kubra