Kujerar Gencho Mai Aski da Jirgin Zornitsa

Lyaskovets, 26 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Lyuben,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Radka da yara. Allah ya sa sanyin Toronto bai fara cizo ba, ya kuma sassauta maka wannan gwiwa da ka gada wajen Baba. Mu nan sai godiya. Mai ɗakina Tsonka ta gama gasa tattasan bana, har yanzu gidan ƙaurinsa yake yi, ni ma haka. Inabi ya yi albarka. Goggo Pena ta shiga shekara casa'in da ɗaya, kunne ya tafi amma baki yana nan, kuma har yau ba ta shirya da kajin maƙwabta ba.

Na san jikata Zornitsa ta riga ta kira ka ta gaya maka ta ci jarrabawa. To amma waya ƙashi take kaiwa, takarda ce ke kai nama. Gyara zama.

Ka tuna lokacin da na dawo daga aikin soja, na ba ku labarin wani makanikin jirgi da ya ce mana wai matuƙi in ya shiga girgije, jirginsa na iya karkacewa har ya kusa kifewa, shi kuwa yana zaune yana rantsuwa daidai yake tafiya? Na yi masa dariya a ranar, kai ma ka taya ni. Bayan shekaru na sake jin maganar a bakin wani fasinja cikin jirgin ƙasan Varna, na ce wannan ma giyarmu ta rakiya ce ke magana a cikinsa. Ni magini ne. Shekara arba'in ina ɗora bulo, in na dubi bango sau ɗaya na san ko ya karkace, ma'aunin ruwa sai dai ya zo ya yi mini shaida. A ce mutum bai san sama da ƙasa ba alhali ga ɗuwawunsa a kan kujera? Ban yarda ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Ka san Zornitsa ta daɗe da samun lasisin tuƙi na rana tsaka, wanda mutum ke tashi yana kallon kogi da tsaunuka. Wannan karon na girgije take nema. A jarrabawar, ana kifa wa mutum wata hula mai dogon baki wadda ke tare masa taga, ba ya ganin komai sai agogunan da ke gabansa, kuma da su zai hau, da su zai juya, da su zai lalubo titin sauka, yana sauraron mai ba da hanya a rediyo. A watan Mayu ta zauna ta faɗi. Ta ce komai na tafiya lafiya, sai a tsakiyar wani juyi jiri ya ɗebe ta, ta ji jirgi ya kwanta gefe, ta gyara abin da bai ɓaci ba. Kamfanin da ke ɗaukar marasa lafiya ta jirgi ya yi mata alkawarin gurbi in ta kawo takardar kafin Nuwamba, in ba haka ba su ba wani. Kai kuma ka ce in ta sake faɗuwa ta taho wajenka ta zauna ofishin motocinka, ta kuma amsa. Ba na zarginka, Lyuben, alheri ka nufa. Amma duk ranar da na wuce ƙofar ɗakinta na hango akwatin tafiyarta a kan kabad, sai in kau da kai.

Ni kuma da bakina na ƙara mata ciwo. Ran nan muna cin banitsa, burodin nan namu mai cuku, da kindirmo na ce mata ai in jiki ya ce an karkace to an karkace, ta daina gardama da jinin kakanta. Ta ajiye cokali ta dube ni, ta ce wai wannan jinin ne ya kayar da ita a watan Mayu, kuma in na isa in bi ta shagon Gencho. Ka san Gencho mai aski, ɗan ajinka, wanda ya taɓa aske maka gira ɗaya. Har yanzu kujerar mahaifinsa yake aiki da ita, mai juyawa ɗin nan. Suka zaunar da ni, suka ɗaure mini ido da tawul, aka ce in riƙa nuna inda nake juyawa da babban yatsa. Gencho ya fara juya ni a hankali. Na nuna dama, daidai. Can sai na ji kujera ta tsaya cak, na ce to malam na iso, a kwance ni. Sai shago ya ɗauki dariya, ashe ina nan ina zagayawa kamar kaza a kan gashi. Da suka tsayar da ni da gaske kuma, na rantse da kabarin Mama hagu nake yi. Gencho ya ce wai yanzu ya gane dalilin da bangon bayan gidansa ya yi ciki. Na ce masa kujera daban, jirgi daban, kuma ko tunkiya aka juya haka sai ta yi jiri. Na fita ina dafa bango.

Daga ran nan shagon ya zama makarantarta. Da la'asar, in ciniki ya lafa, sai ta kifa hular ta hau kujera, ta ɗora hoton agogunan a cinya. Gencho shi ne iska, yana juya ta. Ni ne mai ba da hanya, ina karanto mata umarni daga wata takarda da Turancin da nake kakkarya wa ƙafafu, har ta ce in da gaske ni ne a hasumiya da tuni jirage sun sauka a gonar kabeji. A kwana na huɗu Gencho ya taka birki ya ce a tsaya. Ya ce wai yarinyar nan ba jirinta ba ne, ƙasarta ce ke damunta. Duk lokacin da na ba ta umarni ta amsa, sai ta kaɗa kai daga kafaɗa zuwa kafaɗa, yadda kowane ɗan halak a nan yake cewa i. Kai ka manta, don zuwanka na ƙarshe na ga ka koyi gyaɗa kai sama da ƙasa irin na mutanen can, kamar doki a bakin akurkin ciyawa, wanda a nan a'a yake nufi, har Goggo Pena ta ɗauka ƙin miyarta kake yi. Gencho ya ce shekara arba'in yana yaƙi da wannan ɗabi'a: ga aska a maƙogwaron mutum, ka tambaye shi ko ruwan ya yi ɗumi, sai ya kaɗa maka kai kamar yana da wani wuyan a gida.

Zornitsa ta cire hula. Washegari ta gaya wa malaminta, ya bugi goshi ya ce lallai motsa kai a tsakiyar juyi yana dama ruwan da ke cikin kunne, shi ne ke sa jiki ya yi ƙarya, kuma ya sha faɗa mata a aji. Amma bai taɓa kama ta ba, domin idonsa na kan agogo, kuma ko ya gani ba zai lura ba, tunda shi ma haka yake amsa wa matarsa. Ka ga abin da masu karatu suka tsallake, mai aski ya tsinta.

Sai aka shiga horo. Gencho ya ɗora mata kwanon kumfar aski a ka, ya ce duk ɗigon da ya zuba ita za ta goge. Yana juya kujera yana jefo mata tambayoyin da amsarsu i ce. Wai kakanki taurin kai gare shi? Wai banitsar kakarki ta fi ta uwarki? Wai gaskiya ne akwai wani mai gyaran inji a filin jirgi da yake yawan tambayar lafiyarki? A wannan ta uku kwano ya tafi ƙasa, kumfa har kan takalmin fada Nikifor, limamin cocinmu, da ke jiran layi, shi kuwa ya ce ya karɓi wannan a matsayin shaida. Kafin mako ya zagayo gari duka ya shiga. Mai burodi ba ta miƙa mata burodi sai ta tambaye ta wani abu tana duban wuyanta. Direban bas ma haka. Tsonka ta yi ta mita wai mun mayar mata da jika kamar hoton waliyyiya a bangon coci, ido na motsi kai ba ya yi. Amma na kama ta ita ma tana tambayarta ko a ƙara gishiri, tana leƙen ta ta gefen ido. Hali zanen dutse ne, aka ce, to ni dai na ga an kankare dutse cikin mako uku.

Ranar Talata, ranar jarrabawa, da safe hazo ya kwanta a kan kogin Yantra. Tsonka ta watsa ruwa a bakin ƙofa don hanya ta tafi sumul, ta soka wa Zornitsa ganyen zdravets na kawo sa'a a aljihu. Ta tambaye ta ko ta ɗauki takardunta, yarinya ta ce i da baki kawai, sai tsohuwar ta juya ta shige kicin tana share ido, tana cewa albasa ce. Gencho ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar auren ɗansa, muka je garin Gorna muka tsaya jikin shingen filin jirgi. Mun ga ƙaramin jirgin ya ruga ya ɗaga, girgije ya haɗiye shi. Daga nan sai ƙara, ta zo ta wuce, ta zo ta wuce. Sau ɗaya ya ɓullo ƙasa ƙasa har muna ganin tayoyinsa, na cire hula zan yi murna, sai ya yi gurnani ya koma sama. Na ce shi ke nan, an kuma. Gencho ya riƙe shinge da hannu biyu.

Ashe wannan ma cikin jarrabawa yake. Ta ba mu labari daga baya: in an gangaro zuwa wani tsayi, mai jarrabawa bai ce ga titi ba, dole a ba injin wuta a sake hawa, ba gardama. Mai jarrabawar wani dattijo ne, Kyaftin Malinov, wanda ta ce maganarsa kamar da kuɗi yake sayenta. Suna hawa tana juyawa, a daidai irin wurin da ta faɗi a Mayu, sai rediyo ya ba ta sabon umarni, shi kuma dattijon ya zaɓi lokacin ya tambaye ta ko ta ji. Ta ce ta ji wuyanta ya tashi zai yi aikinsa na gado, sai ta ji sanyin kwanon Gencho a tsakiyar kanta. Ta amsa da baki. Duk da haka jiki ya ɗan raɗa mata cewa sun kwanta dama, agogo ya ce ƙarya ne, ta bi agogo. Da suka sauka ya kashe rediyo, ya daɗe yana rubutu, sannan ya tambaye ta ko wuyanta ciwo yake. Ta ce a'a. Ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi ko ta ci. Ya dai kaɗa kai daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

Mun gan ta tafe a guje tana ɗaga takarda, kanta na rawa kamar furen rana a iska, na mako uku take ramawa. Gencho ya yi kuka ya ce hazo ne. Za ta fara aiki ran uku ga wata, kuma akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Na san Radka ta yi wa ɗakin fenti, na san ka sayi tebur. Ka yi haƙuri, ƙanena. Ka riga ka tafi da rabin gidanmu shekara talatin da suka wuce, wannan ɗaya ka bar mana. Ku ajiye ɗakin, wata rana za ta zo muku baƙunta, kuma ba a kujerar fasinja ba.

Ka gaida Radka da kyau, ka ce Tsonka ta ajiye mata kwalbar tattasai mai yaji. Ka gaida Boyan da matarsa, da ƙaramar Elitsa da har yau hotonta kawai muka sani. Velichka, uwar Zornitsa, tana gaishe ka, ta ce 'yarta ta fi ƙarfinka. Goggo Pena ta ce ka yi aski. Gencho ya ce girar taka bashi ce, ka zo ya cike ɗayar.

Saura abu ɗaya. Ranar Lahadi bayan coci ta ɗauke ni a jirgin. Muka shiga girgije, taga ta zama kamar an shafe ta da madara. Ba a jima ba na ji mun kwanta hagu, kwanciya sosai, har na dafe ƙofa na ce 'yar nan gyara, za mu zube. Ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, Kaka, daidai muke kamar teburin Kaka Tsonka, jikinka ne ke maka ƙarya. Ina shirin gardama sai muka huda girgijen muka fito cikin rana, ga tsaunin Balkan a miƙe, ga fikafikai biyu daidai wa daida, ko ma'aunin ruwana ba zai sami abin cewa ba. Maganar nan, makanikin soja ya fara gaya mini na yi dariya, fasinjan Varna ya maimaita na ce giya ce. Wanda ya gaya mini na ƙarshe kuwa Zornitsa ce, 'yar Velichka, jikar Stamen magini, a saman girgije. Ta tambaye ni ko yanzu na yarda, ni kuwa na kaɗa mata kai daga kafaɗa zuwa kafaɗa, tunda ba ni ke tuƙi ba.

Ni ne yayanka mai kewarka,
Stamen