Ƙanƙarar Sunan Asiya

Kanan-Bakashe, Laraba

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da firigoginka na sanyaya magani. Reson waya ya ƙi kamawa, shi ya sa na ba Gado direbanku wannan takarda.

Albishirinka! Asiya matar ɗan'uwanmu Nura ta sauka lafiya, mace. Suna ran Talata. To ga inda maganar take: Inna ta bi gida-gida ta ce ɗanta ne mai riƙe da ƙanƙarar furojen likitoci duka, wato ƙungiyar da kake wa aiki, don haka zoɓon suna mai sanyi za a sha. Har matan rugage sun ji. Kada ka ba ta kunya.

Yayarka,
Zara'u

Tasawa, Juma'a

Yaya Zara'u,

Bayan gaisuwa da barka, Allah ya raya. Na yi murna har ma'aikata suka zaci ni aka yi wa haihuwar.

Amma Inna ta ɗaure ni. Ƙanƙarar nan ba tawa ba ce, ta allurar ƙyanda ce. Cikin robobi take a rufe, in ta narke maganin ya mutu. Ni mai neman man gazuwal ne, mai gyaran firigo, mai tono mota daga laka, ba mai kanti ba.

Kuma raina a ɓace yake. Ƙyanda ta shigo ƙauyukan kusa da ku. Makon jiya mun je da kaya, mata duk suna gona, muka yini muna kallon awaki. Yaya, matan da ke zuwa sunan, da goyonsu za su zo? In haka ne, ki roƙar mini Inna ta ara mana zaure. Shugabarmu ta yarda.

Ƙanenki,
Maharazu

Kanan-Bakashe, Lahadi

Maharazu,

Muna gaishe ka, ban da Inna. Da na karanta mata, cewa ta yi: "Na roƙe shi sanyi, shi zai kawo mini kukan yara?" Ta wuni ba ta kula ni ba. Da yamma sai muka ji ɗan Kadijatu maƙwabciya ya kwanta, jiki duk ƙuraje. Inna ta leƙa ta dawo, ta ɗauki tsintsiya da kanta ta share zauren. Ta ce duk wadda ba ta bi ta zaure da ɗanta ba, ba tuwo.

Maganar zoɓo kuwa, ta ce ta bar ka da Allah.

Zara'u

Tasawa, Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da ban gajiya. Ban samu yi muku sallama ba saboda hadari. Allurar da muka kawo ta ƙare tas, ba mu koma da ko kwalba ba! An ce ɗan Kadijatu ma yana samun sauƙi a gidan likita.

Da aka gama, robobin da sauran sanyinsu, sai na wanke su na jefa cikin randar zoɓo. Inna ta huce?

Maharazu

Kanan-Bakashe, Asabar

Ɗana,

Ni ce ke faɗa, Zara'u na rubutawa. Zoɓon bai yi sanyin kirki ba, kada ka yi alfahari. Amma kowa ya sha, kuma ba gidan da ya sake kwantar da yaro.

Matar ɗan'uwanka Manzo wata tara take. Ka tanadi allura, na riga na gaya wa mutane.

Allah shi yi maka albarka.
Innarka