Makewayin da Ya Kalli Gabas

Zuwa ga ƙanena Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Kadijatu da yara, da sanyin Jos ɗin nan da kake ta yi mana kurarinsa. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan garin Isa alhamdu lillahi. Mun yi shuka a Kamarawa, gero ya fito. Inna Hadiyya, ƙanwar tsohuwarmu, har yanzu tana zaune a makarantar firamare tare da sauran 'yan gudun hijirar Burkusuma, ita da jikarta Basira. Na yi na yi ta dawo gidana, ta ce ba ta barin maƙwabtanta. Waya kuwa ta ƙi shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Baƙin da ka turo mini, mutanen cocin unguwarku, sun zo sun koma. Gaskiya da ka ce Kiristoci za su zo su gina wa 'yan gudun hijira makewayi kyauta, na ɗauka irin zancenka ne. Sai ga su da siminti da bulo da magunguna. Shugabansu Malam Irmiya mutum ne mai haƙuri, da hannunsa yake kwaɓa siminti. Akwai kuma nas ɗinsu Rahila, wadda ta buɗe wurin duba marasa lafiya a aji guda. Ba su taɓa addinin kowa ba. In an kira salla sukan kashe injinsu har a idar.

Ka san abin da ya sa aikin ya zama na gaggawa. Bara da damina amai da gudawa ya kwashe yara a makarantar nan, saboda kowa bayan katanga yake zagayawa, ruwan sama kuma ya wanko komai zuwa bakin rijiya. To, ina gona lokacin da suka zuba daɓe. Da na dawo na leƙa, sai na ga abin da ya faru. Duk ramukan gabas suke kallo, wanda ya tsuguna ya fuskanci alƙibla ke nan. Kowa ya gani tun ranar farko, amma ba wanda ya buɗe baki. Wai baƙo ya taso tun daga Jos, ya bar aikinsa, yana yi maka wahala a rana, da wane ido za ka ce masa ya yi kuskure? Aka taru aka yi godiya, aka yi addu'a, sannan kowa ya ci gaba da zagayawa bayan katanga. Wasu matan har itace suka adana a ciki, tunda wurin yana da rufi.

Liman Is'haƙa ya yi ƙoƙari. Ya tara mutane ya ce in a cikin gini ne, malamai sun yi sauƙi. Inna Hadiyya ta ce ta ji, shi ya shiga da karatunsa, ita dai ba ta tsufa tana salla gabas ba sannan ta yi wannan rashin kunya. Sauran matan suka bi bayanta. Ka san halin Inna.

Ana haka ruwa ya sauka sosai, yara suka fara kwanciya, har da Basira. Yarinyar nan ta zube kamar tsumma, idanunta suka faɗa. Rahila ta sa mata ƙarin ruwa, tana ta tambayar mata me ya sa ba a shiga makewayin. Su kuma sai su ce ai ya yi kyau, Allah ya saka. Dattawa suka same ni suka ce baƙin gidanmu ne, ni zan faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, da su da kai ma, don kai ka san su ka san mu, kalma ɗaya daga bakinka da ta isa.

Na sami Malam Irmiya suna ɗaure kaya, washegari za su tafi. Na yi ta kewaye-kewaye har na faɗa. Sai ya ce da gangan suka juya ginin haka, don ƙofofin su ba hanya baya, mata su shiga ba a ganinsu. Wato su suturar matanmu suke kiyayewa, mu kuma muna jin nauyinsu, yara na kwance. Ya ce fasa siminti ba ya damunsa, abin da ya yi masa zafi shi ne muna cin tuwo kwano ɗaya amma an rasa mai gaya masa.

Suka kwance kaya suka ɗauko guduma. Samarinmu suka shiga, aka farfasa daɓen, aka juya ramukan kudu da arewa, Liman na tsaye yana nuna musu da sanda. Da ya bushe, Inna da kanta ta fitar da itacen, ta ɗauki butarta ta shiga a gaban kowa. Daga ranar hanyar bayan katanga ta fara ciyawa.

Sai dai sun tafi Basira ba ta san wanda ke kanta ba. Rahila ta bar mana magani, ta shiga mota tana kuka, tana cewa da ta matsa da tambaya da wuri. Wannan ne dalilin takardata. Yarinya ta tashi, tana shan kunu, jiya har ta bi yara rijiya. Inna ta ce kada ka aika kowa, ka taka da ƙafarka har gidan Rahila ka gaya mata, don ta san matar nan ba ta barci.

Ka gaida Kadijatu da Nura da Sadiƙa, da Malam Irmiya da jama'arsa. Saudatu da Usaini suna gaishe ku. Ka je yau, kada ka bari sai gobe.

Naka yayanka,
Labbo