Mahaucin da Allura Ta Sa Kuka

Zumata, sanyin idona, inuwata in rana ta take, uwar jaririyata,

Daga gadon asibiti nake rubuto miki, da robar tsiyayar ruwa a haƙarƙarina, tunda likita ya hana ki shigowa saboda goyon da ke bayanki. Ai gara da ba ki gani ba! Ni da nake feɗe bijimi ina hira da masu saye, ni ne na hango 'yar allurar barci na ce a bari sai gobe. Kuka fa na yi, har da majina.

Kin tuna ranar da kika kara kunnenki a ƙirjina, gashinki yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko? Kika ce, "Maigida, numfashin nan ba naka ba ne, tashi mu je asibiti." Na bugi ƙirji zan ce lafiyata lau, tari ya sarƙe ni. Ashe ruwa ne ya taru a ciki. Suka zuƙe suka auna, ba su gane komai ba, sai suka ce za su huda tsakanin haƙarƙari, su leƙa da kyamara, su yanko ɗan tantanin bangon ƙirjina a gwada. Abin da suka ciro bai fi ƙwayar wake ba. Da ni na yanka wa mai saye haka, ai da na sha zagi!

Da na farfaɗo, wai na damƙe hannun ma'aikacin jinya, dattijo mai farin gemu, ina kiransa Zumata. Yanzu duk ɗakin haka suke ce masa.

Dariya nake, amma jiran sakamako ya sassaƙe ni. Ba wanda ya ambaci ciwon daji, kowa shi yake tunani. Wa zai riƙe hannun 'yarmu ranar da za ta fara tafiya? Wa zai tsaya yana kallonki kina barci kamar farin wata a kan ruwa?

Yau da safe likita ya shigo. Tarin fuka ne, Zumata, kuma yana warkewa! Watanni zan yi ina shan magani. Na sake yin kuka, ban ko ɓoye fuska ba.

Don Allah gobe ki tsaya ƙarƙashin tagar da ke fuskantar titi, ki ɗaga mini 'yarmu in gani. Mai siririn wuya da zai riƙa ɗaga hannu, mijinki ne.

Naki, matsoracin da ba zai taɓa gudu ya bar ki ba, muddin yana numfashi.