Jan Layi a Kan Rufina

Zuwa ga ƙanwata Bodil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya Henning da jikoki?

Solvej ta zo gida, amma ba hutu ya kawo 'yar tawa ba. Kin san in hunturu ya kama, jirgin ruwa sai ya ga dama yake zuwa tsibirin nan. Shi ya sa ake son ƙananan jirage marasa matuƙi su riƙa kawo mana magani. Matsalar ƙararsu ce, kamar sauro ya samu kunnen mutum. Solvej aka ba aikin lissafa inda ƙarar za ta sauka, ta zana musu hanya. Ta bi gida-gida tana kafa na'urar ɗaukar sauti, tana auna iska.

Sai dai bakin mutane ya fi jirgin ƙara. Jiya a kanti Ejvind maƙwabcina ya ce, "Thyge, kai kam ka huta. Mai rabon nama ai ba ya mance gidansu." Aka yi dariya, har da ni, amma abin ya ci min rai. Ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'a. In mutanen tsibirin suka ƙi, ba jirgi ba magani, ita kuma sunanta ya ɓaci a garinsu.

Naki,
Thyge

Zuwa ga Bodil,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi.

An yi taron. Ko kofi ba a gama zubawa ba Solvej ta haska taswirarta a bango. Jan layi ya taso daga teku, ya kauce wa makaranta da gidan tsofaffi, ya bi daidai ta kan rufina. Bodil, ta kan bencin da muka saba zama ni da marigayiya uwarta! Kuma ko da wasa ba ta faɗa min ba. Ta ce ta nan ne kawai iskar yamma ke kwashe ƙarar ta kai teku, gida ɗaya ya ji maimakon rabin gari.

Sai Ejvind ya ce, "Ke yarinya, gidan ubanki ne fa."

Ta ce, "Na sani, a nan aka haife ni. Iska ce ba ta san ubana ba."

Da aka ce masu amincewa su ɗaga hannu, hannun Ejvind ne ya fara tashi, sauran suka bi.

A hanya na yi ta kumbure-kumbure, ta riƙe min hannu ta ce, "Baba, da na faɗa maka ka roƙe ni, ban san ko zan iya ƙi ba." Nan fushin ya tafi, alfahari ya cika ni.

Yanzu kullum da safe jirgin yake wucewa. Ba zan yi miki ƙarya ba, kukansa ba daɗi, kajina ma sun yi min yajin ƙwai. Ejvind ya ce ko a roƙa a ɗan karkata shi ta gonarsa in samu sauƙi. Na ce masa ya tsaya matsayinsa. 'Yata ce ta sa shi a nan, kar wanda ya taɓa min shi.

Ki gaida Henning.

Yayanki,
Thyge